Wa Zai Gaya wa Oga? Jagorar Auna Al'adar Wurin Aiki Kafin a Kunna Sabuwar Manhaja

A shekarar 2012 kamfanin IBM ya kai wa jami'an gwamnatin Kanada lissafin da ba su so ji ba. Sabon tsarin biyan albashin da aka ba shi kwangilar haɗawa, wanda aka raɗa wa suna Phoenix, zai ci dalar Kanada miliyan 274 idan ana son ya yi duk abin da aka tsara masa. Kuɗin da aka amince a kashe kuwa miliyan 155 ne. Hanya biyu ce a gaban manyan jami'ai uku da ke riƙe da aikin: ko su koma wurin hukumar baitulmali su ce kuɗin ba za su isa ba, ko su datse aikin har ya shiga cikin kasafin. Suka zaɓi datsewa. Daga cikin ayyuka 984 da aka tsara manhajar za ta riƙa yi, aka cire ko aka jinkirta fiye da 100. Aka rage gwaji, aka rage ma'aikatan da ke kan aikin. A takarda dai komai ya zauna daidai.

Aikin kansa ba na wasa ba ne. Tsohuwar na'urar biyan albashin gwamnatin tarayyar ƙasar ta kai shekara 40 tana aiki, kuma mutum kusan 290,000 ne a ma'aikatu da hukumomi 101 ke jiran ta duk bayan mako biyu. Ƙa'idojin biyan kuɗin sun haura 80,000, tushensu yarjejeniyoyi fiye da 100 da gwamnati ta ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago: alawus ɗin gandiroba daban, na ma'aikacin jirgin tsaron gaɓar teku daban, na mai aikin dare daban. Tun 2009 aka zana shirin, aka ware masa miliyan 310 gaba ɗaya, da alƙawarin zai riƙa rage wa gwamnati miliyan 70 a kowace shekara. Rarar za ta fito ne daga guraben jami'an albashi kusan 1,200 da za a soke, a maye gurbinsu da cibiya guda a garin Miramichi na lardin New Brunswick mai ma'aikata wajen 550, da yawansu sababbin hannu.

Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. Jami'an sun san cewa manhajar ba za ta iya lissafa ariyas da kanta ba, irin kuɗin da ake bin gwamnati idan mutum ya riƙe muƙamin na gaba da shi na 'yan watanni, takardar kuma ta iso daga baya. Wannan kuwa abu ne na yau da kullum a aikin gwamnati. An tsara fara gwada tsarin a ma'aikata ɗaya, sai aka soke gwajin a 2015. Cibiyar Miramichi ta riga ta fara nitsewa cikin fayil-fayil tun kafin a ɗora mata sabon kaya. Ƙungiyar ƙwadago ta roƙi a dakata. A Fabrairun 2016 kamfanin Gartner, wanda wata hukuma ta daban ta ɗauko ya duba aikin, ya ba da shawarar a shiga da tsarin sannu a hankali, a kuma bar tsohon yana aiki a gefe. Duk da haka bayanin da ya isa teburin mataimakin minista, wanda a tsarin Kanada shi ne daidai da babban sakatare, bai nuna masa girman matsalolin ba. Ranar 24 ga Fabrairu aka kunna Phoenix a ma'aikatu 34, a watan Afrilu aka haɗa sauran 67, aka kashe tsohuwar na'ura.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zuwa Yuli gwamnati ta amsa cewa albashin mutum wajen 80,000 ya rikice. Wasu an biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu sun yi watanni ba ko sisi, wasu an zuba musu abin da ya wuce nasu aka dawo ana bin su bashi. A 2018 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya ƙiyasta cewa gyaran zai lashe biliyan 2.2 kafin 2023. Daga baya gwamnati ta haƙura da tsarin, ta juya ga wata manhajar mai suna Dayforce.

Da Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, ya fitar da rahotonsa a Mayun 2018, bai tsaya ga laifin na'ura ba. Ya kira abin gazawar da hankali ba ya ɗauka, ya kuma ɗora alhakin a kan al'adar aikin gwamnatin: ma'aikata masu biyayya da tsoron kuskure, waɗanda suka koyi cewa cika wa'adi da zama cikin kasafi su ne abin da ake yaba wa mutum a kai, ko da abin da aka gina ba ya aiki. Rahoton bai zargi kowa da satar kwabo ba. Ƙwararrun mutane ne, a ƙasa mai arziki, da kamfanin da duniya ta sani. Abin da aka rasa shi ne hanyar da mummunan labari zai bi daga wanda ya gan shi zuwa wanda ke da ikon cewa a tsaya.

Ana iya auna wannan hanya kafin a sa hannu a kwangila, kuma ana iya gyara ta. Duk wanda aka ɗora wa alhakin sayo ko gina manhaja, darakta ne a ma'aikatar jiha, shugaban asibiti ne, ko manajan kamfanin rarraba kaya, gara ya fara da ita kafin ya buɗe takardun 'yan kwangila.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ron Westrum, ya ba da ma'auni mai sauƙi a 2004. Ya ce a dubi abin da ke samun ɗan aiken da ya kawo labari mara daɗi. A wasu wuraren hukunta shi ake yi, a nemi wanda za a ɗora wa laifi. A wasu kuma ba a taɓa shi, amma ba a sauraron sa, domin takardarsa ba ta biyo ta ofishin da ya dace ba. A kashi na uku horar da shi ake yi ya riƙa kawo irin labarin da wuri, idan abu ya lalace kuma a binciki dalili. Binciken da Nicole Forsgren da abokan aikinta suka yi shekaru a jere kan masu haɗa manhaja, wanda suka tattara a littafi a 2018, ya nuna cewa wuraren da ke kashi na uku sun fi saurin fitar da aiki, sun kuma fi saurin farfaɗowa idan tsari ya faɗi. Kanada ta Phoenix tana kashi na biyu ne, kuma nan ne mafi yawan ofisoshi suke, ba a kashin azzalumai ba.

Don gane kashin da wuri yake, tarihin aikin baya ya fi kowace hira amfani. Mai jagorantar sabon aiki ya nemi fayil ɗin aikin ƙarshe da ya makara ko ya lalace a wurin, ko da gini ne ko sayen motoci. Ya jera rahotannin wata ukun da suka gabaci lalacewar ya karanta. Idan duk suna cewa aiki na tafiya daidai har zuwa makon da ya rushe, ya samu amsarsa. Sannan ya bi sawu: wa ya fara ganin matsalar, yaushe, wa ya gaya wa, kuma ina mutumin yake yanzu? Idan an mayar da shi wani ofishi da ba kowa, ba sai an yi wa sauran ma'aikata bayani ba, sun riga sun karanta darasin.

Tambayar ma tana da yadda ake yin ta. A ofisoshinmu, ƙaramin ma'aikaci ba zai dubi darakta a gaban jama'a ya ce shirinsa ba zai yiwu ba. Abin da zai fito bakinsa shi ne, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu za a gama." Girmama na gaba tarbiyya ce, ba ita za a yaƙa ba, kuma jami'an Kanada da ba su tashi da ita ba sun yi shirun da ya fi wannan tsada. Dabarar ita ce a gina hanyar da ba ta buƙatar ƙarami ya kunyata babba. A tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, ba oga a ɗakin. A taro kuma a fara jin na ƙasa kafin na sama ya buɗe baki, domin da zarar shugaba ya faɗi ra'ayinsa sauran sai gyaɗa kai. Siffar tambayar ita ma tana canza amsa. "Akwai matsala?" amsarta "babu" ce. "Idan aikin nan ya lalace nan da wata shida, me kake ganin zai lalata shi?" tana ba mutum damar faɗin abin da ke cikinsa ba tare da ya zargi kowa ba. A ba kowa takarda ya rubuta nasa kafin a fara magana.

Da aiki ya kankama, wurin da al'ada ta fi nuna kanta shi ne rahoton mako. Galibin ayyuka suna amfani da launi uku: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa akwai damuwa, ja an shiga matsala. Masu wannan sana'a suna da sunan da suke kiran rahoton ƙarya da shi, wato kankana, bayanta kore cikinta ja. Labarin da aka fi bayarwa a kan wannan na kamfanin motoci na Ford ne. A 2006 Alan Mulally ya baro Boeing ya karɓi shugabancin kamfanin, ya kafa taron kowace Alhamis inda kowane babban manaja zai nuna launin ayyukansa. Makonni suka shuɗe allo yana kore shar, alhali a shekarar kamfanin ya tafka asarar da ta haura dalar Amurka biliyan 12. Sai wata Alhamis Mark Fields, mai kula da nahiyar Amurka, ya nuna ja: an dakatar da fitar da sabuwar motar Edge saboda matsala a ƙofar bayanta. Ɗakin ya yi tsit, kowa na jiran a ga yadda za a yi da shi. Mulally ya tafa masa, ya tambayi wanda zai iya taimakawa. Ba a daɗe ba allon ya cika da ja da ruwan ɗorawa. Fields ɗin nan shi ya gaji Mulally a 2014.

Abin koyi a nan ya wuce tafin. Ja na farko da aka nuna wa shugaba shi ne ke tsara sauran rahotannin shekarar, don haka ya shirya masa tun kafin ya zo: kada ya tambayi wa ya jawo, ya tambayi me ake bukata, kuma taimakon ya iso a cikin makon. Sannan a ba kowane launi ma'anar da ba ta dogara da ƙarfin halin mai rahoto ba. Ja, alal misali, yana nufin wa'adi zai wuce idan taimako bai zo daga wajen tawagar ba. Kore kuma ba a yarda da shi da baki. Mai cewa sashen biyan alawus ya kammala ya zauna gaban kwamfuta ya biya alawus ɗin mutum ɗaya kowa yana kallo. Alƙaluma irin su "an gama kashi 90 cikin ɗari" ba su da amfani a aikin manhaja, domin kashi goman ƙarshe kan ci lokacin da ya kai na casa'in ɗin farko.

Akwai tarkon da shugabanni kan faɗa a nan. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci a shekarun 1990, tana zaton tawagar da ta fi kyawun shugabanci za ta fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar da akasin haka a rubuce. Da ta ƙara bincike ta gano cewa tawagogin kirki sun fi kai rahoton kuskurensu ne, sauran kuma suna rufa-rufa. Saboda haka idan yawan matsalolin da ake kawowa ya ƙaru bayan an gyara taron mako, alamar lafiya ce. Sashen da ya yi wata uku bai kawo ko ɗaya ba shi ya kamata a leƙa.

Sai batun datsewa, wanda ba aikin da ke kuɓuta daga gare shi. Kuɗi, lokaci da faɗin aiki ba sa tsayawa yadda aka zana su ranar farko, dole ɗaya ya motsa. A wurin da komawa neman ƙarin kuɗi ko ƙarin wa'adi abin kunya ne, faɗin aikin da gwaji su ne ke shan wuƙa, domin su kaɗai ake iya yankewa ba wanda ya gani. Maganin littafi ne guda na abubuwan da aka cire. Duk aikin da aka cire daga manhaja a rubuta shi a layi ɗaya da amsar tambaya uku: wa zai riƙa yin sa da hannu, awa nawa zai ci a wata, kuma wane ne daga cikin masu amfani da tsarin ya sa hannu ya yarda? Da an yi wannan lissafi a kan ariyas a Kanada, da an ga cewa aikin hannun da aka ƙirƙira ya faɗa kan cibiyar da aka tsara ta da ƙarancin ma'aikata, bisa zaton manhaja za ta ɗauke musu nauyi. Littafin kuma ya riƙa isa ga wanda ya amince da kasafin, domin abin da ya biya kuɗi a kansa ya canza.

Wannan ya kai ga mutanen da suka san aikin da gaske. A kowane ofis akwai tsohon akawu ko jami'ar albashi da ta haddace abubuwan da ba su cikin kowace takarda: yadda ake lissafa kuɗin wanda ya koma wata ma'aikata a tsakiyar wata, wane alawus ne ke tsayawa idan mutum ya tafi karatu, wane ne ba ya tsayawa. Sau da yawa irin waɗannan ne ake son manhajar ta maye gurbinsu, shi ya sa ba a gayyatar su taron tsara ta, su ma ba su da dalilin taimakawa. Kanada ta rage su kafin sabon tsarin ya tabbata, daga baya ta koma tana neman waɗanda suka yi ritaya su dawo. Tsari mai hankali shi ne a zaunar da biyu ko uku daga cikinsu a cikin tawagar, a sauke musu wani ɓangare na aikinsu na kullum, a gaya musu gaskiyar makomarsu, kada kuma a soke gurbin kowa sai sabon tsarin ya yi watanni yana biya daidai.

Najeriya ta ga nata salon wannan rikici. Tsarin IPPIS, wanda aka fara a 2007 don tattara biyan albashin ma'aikatan tarayya wuri guda da toshe ƙofar ma'aikatan bogi, ya ci karo da jami'o'i. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta dage cewa tsarin bai san yadda jami'a ke aiki ba, kamar malamin da ke hutun bincike na shekara a wata jami'ar ko mai koyarwa na ziyara, ta kuma kawo nata tsarin mai suna UTAS. An shafe shekaru ana ja-in-ja, batun yana cikin dalilan yajin aiki, har a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, akwai kuma siyasar 'yancin jami'a a ciki. Amma manhajar da aka ɗora wa mutane ba tare da an zauna da su kan keɓantattun ƙa'idojinsu ba takan gamu da irin wannan turjiya ko da manufarta mai kyau ce.

Kafin ranar ƙaddamarwa ana bukatar idon baƙo, kuma abin da ya fi sunan kamfanin da aka ɗauko muhimmanci shi ne wa yake kai wa rahoto. A Phoenix an yi bitar da aka kira mai zaman kanta, amma jami'an aikin sun sa hannu wajen tsara tambayoyin da zaɓar waɗanda za a tambaya, kuma ta ce a ci gaba. Mai bita ya kasance wanda ke sama da masu aikin ne ya ɗauko shi, shi zai zaɓi waɗanda zai tattauna da su, rahotonsa kuma ya isa sama ba tare da an tace shi ba. Sharuɗɗan ƙaddamarwa su ma a rubuta su watanni kafin ranar, lokacin da hankali ke kwance: wane gwaji ne dole ya wuce, kuskure nawa ne ba za a yarda da shi ba, wa ke da ikon cewa a ɗage. Ikon ɗagewar kada ya kasance hannun wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan cika wa'adi. A fara da sashe ɗaya, kuma mai wahala, domin gwaji a sashe mai sauƙi ba ya koyar da komai. Idan albashi ne, a lissafa na wata biyu ko uku a tsoho da sabon tsari lokaci guda, a gwada su suna bayan suna. Yana da tsada, yana gajiyar da ma'aikata, shi ya sa shi ne abu na farko da ake so a soke.

Bayan an kunna, labarin yana fitowa ne daga bakin masu amfani, kuma a nan ne Birtaniya ta tafka abin da ya fi na Kanada muni. Daga 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta shigar da manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a rassanta. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a wasu rassa, kwangilar masu riƙe da rassan kuma ta ɗora musu biyan duk giɓin da aka samu. Da yawa daga cikin waɗanda suka buga waya suna kuka an ce musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 kan sata ko ƙaryar lissafi, wasu suka yi zaman gidan yari, wasu suka rasa gidajensu. Sai da 555 daga cikin masu rassan suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, kafin babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai. A 2024 majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Hukumar ta riƙi manhajar a matsayin wadda ba ta kuskure, don haka duk mai ƙorafi ya zama wanda ake tuhuma.

Aikin da ke hana irin wannan ƙarami ne: a tattara ƙorafe-ƙorafe wuri ɗaya, a rarraba su iri-iri, wani wanda ba shi ya gina tsarin ba ya riƙa duba su kowane mako yana neman masu kama da juna. Ƙorafi iri ɗaya daga mutane biyar da ba su san juna ba a ɗauke shi matsalar manhaja har sai an tabbatar da akasin haka. A Najeriya kuwa, a Mayun 2025, da koke-koke suka yi yawa kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, hukumar JAMB ta sake duba na'urorinta, kuma cikin kwanaki shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya amsa cewa wani gyaran manhaja bai zauna daidai ba a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, abin da ya shafi ɗalibai kusan 380,000. Aka sake musu jarrabawa. Kuskuren bai kamata ya wuce gwaji ba, ɗalibai kuma sun sha wahala, amma kwanaki ne tsakanin ƙorafi da amsa laifi, inda gidan wayar Birtaniya ya ɗauki shekara 20.

Idan kuma an riga an faɗa rami, akwai misalin yadda ake fita. Ranar 1 ga Oktoban 2013 aka buɗe HealthCare.gov, shafin sayen inshorar lafiya na gwamnatin Obama a Amurka, kuma a ranar farko mutum 6 kacal suka iya kammala rajista. Rahoton sufeto janar na ma'aikatar lafiya ya lissafa gargaɗi 18 a rubuce da aka samu cikin shekara biyu kafin buɗewar, ya kuma ce babbar matsalar ita ce ba a san takamaiman wanda ke jagorantar aikin ba. Kamfanoni da dama kowa yana gina nasa yanki, ba wanda ya ɗauki nauyin ganin sun haɗu, gwajin tsarin daga farko zuwa ƙarshe kuma sai a makonnin ƙarshe aka yi shi.

Fadar shugaban ƙasa ta ɗora Jeff Zients a kan gyaran, aka ba kamfani ɗaya ikon haɗa kan sauran, aka kawo 'yan ƙalilan injiniyoyi daga waje, cikinsu har da Mikey Dickerson na Google. Abin da suka fara tararwa shi ne babu allo guda da ke nuna ko shafin yana aiki ko ya faɗi, sai suka fara da haɗa shi. Suka tara kowa a wata cibiya a jihar Maryland, ana taro a tsaye sau biyu a rana, safe da yamma. Dickerson ya kafa ƙa'idoji a bango. Ɗakin na warware matsala ne, mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya nemi wani wurin. Wanda ya fi sanin matsalar shi zai yi magana, ba wanda ya fi muƙami ba. Kuma abin da zai yi ɓarna cikin kwana ɗaya ko biyu shi ake fara tattaunawa. Ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni suka daina duba wa ke ɗauke da katin wane ofis.

Mafi yawan waɗanda suka yi gyaran su ne dai mutanen da suka gina shafin tun farko, kuma da yawa daga cikin matsalolin sun daɗe da sanin su. Zuwa farkon Disamba shafin yana aiki ga galibin masu shiga, kuma kafin a rufe rajistar shekarar a Afrilun 2014 mutum wajen miliyan 8 sun yi rajista ta shafin tarayya da na jihohi. A watan Agusta gwamnati ta kafa wata hukumar ayyukan fasaha a fadar shugaban ƙasa don kai irin wannan salon aiki sauran ma'aikatu, ta naɗa Dickerson shugabanta na farko.